Mudunmu Biyu Ne: Na Saye Daban, Na Sayarwa Daban

Akwai wani teburin mai shayi a Agege, cikin Legas, kusa da layin dogo, inda nakan tsaya da safe kafin in kama hanyar aiki. Sati guda bayan ƙaramar Sallar 2025, zance ɗaya ake yi a teburin nan: Uromi. Mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su je Kano Sallah, aka tare motarsu a jihar Edo, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe su aka cinna musu wuta. Ko caji ofis ba a kai su ba.

Wani Alhaji da muke yawan haɗuwa a wurin yana riƙe da waya yana nuna wa mutane bidiyon, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya yi magana mai ratsa jiki. "To a ce ma sun yi laifin, ina hukuma? Ina kotu? Ran ɗan Adam ne fa, ba na kaza ba!" Duk muka ce wallahi gaskiyarka, Alhaji.

Shayin da ke hannuna bai huce ba sai ga ihu daga tsallaken titi: "Ole! Ole!", wato ɓarawo da Yarbanci. Wani yaro ne da bai wuce shekara sha bakwai ba, an ce ya fizge wayar wata mata. Alhajin nan ya dire kofi, ya zari wani katako da ke jingine da benci, ya bi sahu. Da kunnena na ji shi yana cewa a nemo taya.

Yaron yana da sauran shan ruwa a gaba. Wasu dattawa biyu, ɗaya Bayarabe direban danfo, wato bas ɗin haya ta Legas, ɗaya ladanin masallacin unguwa, suka kutsa cikin taron, suka tura shi wani shago suka ja ƙofa, suka tsaya a bakinta har 'yan sanda suka zo. Ni kuwa ina nan tsaye da kofi. Ban bi ba, ban kuma hana ba. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya zaci waliyyi ne yake rubutu.

Ga abin da nake gani. Manyan kalmomi muna da su har sun yi mana yawa: adalci, haƙƙin ɗan Adam, 'yancin ɗan ƙasa, tsoron Allah. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai auna nasa da bare da mudu ɗaya. Aƙidar da ba ta taɓa cizon mai ita ba, ado ce kawai, kamar agogon da ba ya aiki. Kuma gari irin Legas, inda kowa da yarensa da alƙiblarsa, abin da ke riƙe shi wasu 'yan ƙa'idoji ne ƙanana da kowa ya yarda da su, matuƙar ana riƙe su ranar da suka yi mana daɗi da ranar da suka yi mana ciwo.

Yadda muke awo

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san Suratul Muɗaffifina: azaba ta tabbata ga masu tauye mudu, waɗanda idan za su karɓa sai an cika musu, idan kuma su za su auna wa mutane sai su rage. Mun ɗauka da 'yan hatsi kaɗai ake. Mu duba.

A watan Mayun 2022 an yi kisa biyu irin na taron jama'a. A Sakkwato an kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). A nan Lekki kuma an kashe wani matashi mai aikin haɗa sauti, aka ƙona shi, bayan rigima da 'yan acaɓa a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Na bi zantukanmu a lokacin. A kan na Lekki cewa muke yi kada a yi wa 'yan acaɓa kuɗin goro, a bincika, a kama mai laifi kaɗai. Magana ce mai kyau. A kan na Sakkwato kuwa da yawanmu ko kalmar bincike ba su so a ambata, alhali Majalisar Sarkin Musulmi da kanta ta fito ta yi tir da kisan. Ba na raina zafin da ke tasowa a zuciyar Musulmi idan an taɓa Annabinsa, ni ma ina jin sa. Amma a fiƙihun da muka karanta a gaban malamai, hukunci aikin alƙali ne, da shaidu, da sauraron wanda ake tuhuma. Ban taɓa cin karo da babin da ya miƙa shi ga ɗalibai masu duwatsu ba.

A watan Agustan 2019 jami'an gwamnatin Legas sun tsare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48. Muka yi ca, muka jawo sashe na 41 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowane ɗan Najeriya damar zuwa duk inda yake so ya zauna. Daidai ne. A Janairun 2021 da aka ba Fulanin Igangan a jihar Oyo wa'adin kwana bakwai su tashi, sashen nan muka sake jawowa. To amma a watan Yunin 2017, da wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka zauna a Kaduna suka ba Inyamurai wa'adin 1 ga Oktoba su bar Arewa, mutum nawa a cikinmu suka tuna da sashe na 41? Na san waɗanda suka yi ta turawa a WhatsApp suna murna, suna zaune a ɗakin haya a Idi-Araba, a garin da ba na kakansu ba.

Ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Mun yi farin ciki, kuma ya cancanci a yi. Hujjar da aka ci shari'ar da ita ita ce 'yancin addini. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, idan 'yar Kirista a makarantar gwamnati a can gida ta riƙo hujjar nan ta nemi nata haƙƙin, zan tsaya mata kamar yadda na so a tsaya wa 'yata?

Na san 'yan Kudu ma suna da nasu mudun biyu. Waɗanda suka cika Twitter da kuka a kan Sakkwato, wasunsu shiru suka yi a kan Uromi, wasu ma hujja suka dinga nemo wa makasan. Amma da Hausa nake rubutu, da 'yan gidanmu nake magana. Su ma akwai masu faɗa musu a cikinsu.

"Ai su ma haka suke yi mana"

Wannan ita ce amsar farko da ake ba ni, kuma ba ƙarya ba ce. Wanda ya ga rikicin ƙabilanci na Idi-Araba a watan Fabrairun 2002, ko na Mile 12 a watan Maris na 2016, ko na Shasha ta Ibadan a 2021, ba za ka koya masa ma'anar tsoro ba. Akwai dattawa a Agege da har gobe ba sa ajiye iyali a nan saboda abin da idonsu ya gani.

Sai dai aya ta 8 a Suratul Ma'ida kamar don wannan uzurin aka saukar da ita: kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Ba a ce sai in sun fara yi muku ba.

Mu ajiye wa'azi ma, mu yi lissafin kasuwa. Idan ƙa'idar ita ce taron jama'a shi ne alƙali, to a Legas taron na wa ne? A Oshodi ko Ketu, in an yi ihun ɓarawo aka nuna mai gyaran takalmi ko mai turin ruwa, wa zai tsaya ya saurari Hausarsa? Babu wanda ya kai baƙo buƙatar a ce doka ɗaya ce ga kowa. Alhajin da ya nemi a kawo taya, ƙa'idar da ta cinye mafarautan Uromi yake ƙara wa ƙarfi, kuma gobe ɗansa ne zai bi ta wata unguwa da jaka a kafaɗa.

"Naka naka ne, ba a tona asirin gida a gaban bare"

Wannan ta fi nauyi, don ni ma ta taɓa kayar da ni.

Ɗan ƙanwata yana acaɓa. Wata rana ya bi hannun da ba nasa ba don ya kauce wa cunkoso, ya buge wata mata mai sayar da biredi, ta karye a hannu, ya tsere. Ya zo wurina jikinsa yana rawa: "Kawu, ka rufa min asiri." Na ɓoye shi kwana uku. Da aka zo tambaya a inda suke tsayawa, abokansa suka ce ba su san mai irin wannan babur ba, ni kuma na ji daɗin hakan. A raina cewa nake yi, in aka kama shi za a tatse mu, a kwace babur, a kira mu Aboki ana dariya.

A dare na uku matata ta yi min tambaya ɗaya. Ta ce, "Malam, da direban danfo ne ya karya hannun 'yarka ya gudu, 'yan'uwansa suka ɓoye shi, me za ka kira su?" Na san sunan da zan kira su, kuma ba mai daɗi ba ne. Washegari muka nemi wani dattijo a fadar Sarkin Hausawan unguwa ya shige mana gaba, muka je gidan matar, muka ba da haƙuri, muka ɗauki kuɗin ɗori da na cinikin da ta rasa. Ta zazzage mu tas da Yarbanci, sannan ta karɓa. Ba a kai ga caji ofis ba.

Ba na cewa a daina rufa wa juna asiri. Baƙo a Kurmi in ba shi da 'yan'uwa ya shiga uku. Da wannan zumuncin ne ɗan ci-rani yake samun wurin kwana da jarin farko. Amma rufin asiri daban, ɗaure wa ƙarya gindi daban. Na farko shi ne kada ka yayata aibin ɗan'uwanka. Na biyu shi ne ka taimaka masa ya cinye haƙƙin wani. Hadisin ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne mai zalunci ko shi ake zalunta, da Sahabbai suka tambayi yadda za a taimaki mai zalunci, aka ce ka hana shi. Mu rabin farko muka haddace.

Kuma kowa ya san labarin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, manyan Ƙuraishawa suka turo Usama ɗan Zaidu ya nema mata alfarma. Abin da Manzon Allah (SAW) ya ce ya halaka mutanen da shi ne, in babba ya yi sata su ƙyale, in mai rauni ya yi su hukunta. Waɗancan mutanen suna da doka, sun kuma san sata laifi ce. Mudu ne suka raba biyu.

"In ka kai shi caji ofis, gobe ka gan shi a titi"

Haka ne, yana faruwa. An rubuta beli kyauta ne a bango, kowa kuma ya san yadda ake ciki. Amma wa yake zuwa karɓo shi? Ba aljanu ba ne. Mu ne muke tara kuɗi, mu nemo wanda ya san wani, in dai ɓarawon namu ne. Muna zagin ƙofar da muke shiga ta ciki.

Sannan ɗan sanda in ya yi kuskure ana iya gyarawa, ko da bayan wahala. Taya da fetur ba su da ɗaukaka ƙara. A watan Oktoban 2012 an kashe ɗaliban Jami'ar Fatakwal huɗu a Aluu bisa ihun ɓarayi, kotu ta zo daga baya ta hukunta wasu daga cikin makasan, amma yaran ba su dawo ba.

Masu aƙidar da ba ta taka ƙasa

Akwai wani ɓangaren kuma, kada a ce na manta. Mutum yana iya riƙe manufa mai kyau har ta rufe masa ido ya daina ganin mutane.

Gwamnatin Legas tana son birni na zamani, mai tsari. Wa zai ƙi? A 2012 aka hana acaɓa bin hanyoyi 475. A Fabrairun 2020 aka faɗaɗa. Daga 1 ga Yunin 2022 aka hana gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa. Dalilan ba na ƙarya ba ne. Labarin ɗan ƙanwata ya ishe ni shaida, kuma duk wanda ya taɓa leƙa asibitin ƙashi na Igbobi ya san abin da babur ke yi. Amma idan aka tara baburan talakawa aka murƙushe su a gaban 'yan jarida da sunan doka, sannan da yamma mota mai jiniya ta bi hannun da ba nata ba ana sara mata, me ɗan acaɓa zai koya? Zai koyi cewa doka sunan sandar da ake dukan marar gata ne. Daga nan ba za ka sake shawo kansa da kalmar doka ba.

A cikinmu ma akwai irinsu. Matashi ya dawo daga karatu, komai a kasuwa haram ne, kowane dattijo ɗan bidi'a ne, ya raba masallaci biyu a kan saki da ƙabalu. Amma dubu ashirin ɗin da ya ranta a wurin mai nama tun azumin bara, in an tuna masa sai ya ɗaure fuska. Da ɗan gwagwarmayar Facebook mai rubutu a kan haƙƙin talaka, yarinyar da ke aiki a gidansa wata uku ba a biya ta ba. Babbar magana ba ta cin kuɗi. Biyan bashi shi ke ci.

Wani zai ce, to ai kai ma ka nemi sassauci wa ɗan ƙanwarka, ba ka kai shi kotu ba. Ina mudu ɗayan? Tambaya ce mai kyau. Mudu ɗaya ba ya nufin rashin tausayi. Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa, kuma babu wanda ya ce ya yi son kai, domin duk wanda yunwar ta kama ya samu sassaucin, ba 'yan dangin Umar kaɗai ba. Sassaucin da ya dubi halin da mutum yake ciki adalci ne. Wanda ya dubi yarensa ko ɗarikarsa ko jam'iyyarsa, shi ne tauye mudu. Sulhun da na nema wa ɗan ƙanwata ya halatta a gare ni ne kawai in har zan karɓi irinsa ranar da direban danfo da dattawansa suka durƙusa a ƙofata. Ina fatan zan karɓa. Ban rantse ba.

Abin da na gani a Mile 12

Masu cewa mu da mutanen nan ba mu da abin da ya haɗa mu, addini daban, al'ada daban, ina ba su shawara su je kasuwar Mile 12 da asuba.

Tirela ta iso daga Kano ko Zariya ko Jos da kayan gwari. 'Yan dako suna sauke kwanduna. Wata Iya ta zo daga Mushin, ta duba tumatir, a yi ciniki rabi da Hausa rabi da Yarbanci, dillali ya ba ta kwando biyu ta tafi, kuɗi sai ta sayar. Babu takarda, babu lauya. Wataƙila 'yar coci ce, wataƙila Alhaja ce, bai tambaya ba. Shi kuma mai kayan yana can Kura ko Ɗanja yana jiran kuɗinsa a hannun dillalin da bai gani ba wata shida. Ranar da Iya ta ƙi biya, ta gama cin bashi a layin nan. Ranar da dillali ya jera manya a sama ya cusa ruɓaɓɓu a ƙasan kwando, labari zai riga shi isa bakin ƙofa.

Ba su taɓa zama sun daidaita a kan tauhidi ko tsarin tarayya ba. Abin da suka daidaita a kai bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: kada ka yi ƙarya a kan kaya, ka biya abin da ka ɗauka, kada ka ci amana, ka ga girman babba. Mu muna cewa mutumin kirki, su suna cewa omoluabi. Ka sa Bahaushe da Bayarabe su lissafa halayensa, za ka ji kusan abu ɗaya suke faɗa.

A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin Shasha, dillalan abinci da na shanu suka dakatar da kawo kaya Kudu na kusan mako guda. Tumatir ya yi tsadar da sai mai hali a Legas, a Arewa kuma yana ruɓewa a hannun manomi. Kowa ya ɗanɗana. Da aka janye, Iya ta dawo layinta, dillali ya ba ta kwando biyu kamar jiya suka rabu. Bashin da ke tsakaninsu tun kafin rikicin ma ta kawo.

Wani abin da nake sha'awa a wurin Yarbawa, ko da yake ba kowa ne zai so in faɗa ba, shi ne yadda za ka ga gida ɗaya da Alhaji da fasto, uwa ɗaya uba ɗaya, ranar Ileya, wato Babbar Sallah, a ci rago tare. Ban ce mu kwafi komai nasu ba. Amma sun gano yadda ake saɓani a kan babban abu ba tare da an fasa ƙaramin da ake ci tare ba.

Bayan kwana biyu na sake haɗuwa da Alhajin a teburin shayi. Na daure na ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, rannan ka ce ina hukuma ina kotu, sai kuma na ji kana neman taya." Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Haba Malam, ai wannan daban. Waɗancan bayin Allah ne, wannan kuwa ɓarawo ne." Na ce mutanen Uromi ma abin da suka faɗa ke nan a kan namu. Ya yi shiru, ya juya cokali a kofi, sannan ya ce wa mai shayi a ƙara masa madara.

Mai shayin ne ya ba mu ƙarshen labarin yana yanka biredi. Wayar a cikin jakar matar aka same ta, a ƙarƙashin zani. Yaron gudu ya yi don ya ji ihu, kowa ma gudu yake yi.